Tulun da Ya Daina Ɗiga

Ban sani ba ko ka taɓa shaƙar man giya, wanda ake zuba wa giyar mota. Ba fetur nake nufi ba, ba kuma baƙin man inji ba. Shi wannan mai kauri ne, warinsa da nauyi, kamar an dama daddawa da ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in ya kama riga sai dai rigar ta tsufa da shi. Shekaranjiya ina dawowa daga aiki, mai adaidaita ya bi da mu ta layin makanikai a nan Azare don gudun cunkoso, sai warin ya shigo mana. Matar da ke gefena ta ja mayafi ta toshe hanci tana tsaki. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, har ta ɗauka warin ne ya yi mini yawa, ta ce in yi haƙuri mun kusa fita. Na yi mata godiya kawai, don ban ga ta inda zan faro mata ba. Kai da ka zauna kana karantawa, bari in gaya maka.

A wani ƙauye na tashi, can bayan garin Katagum, inda fadama ta yi mana zobe. Da rani hanyarmu rairayi ce mai haɗiye taya, da damina kuma baƙar laka ce da ba ta sakin abin da ya taka ta. A wancan lokacin wayar hannu ta shigo Azare amma ba ta ƙaraso wurinmu ba, wanda ya sayo ta a garinmu agogon ciki kawai yake mora. Mota guda ce ke shiga da fita rani da damina, ita ce tsohuwar jif ɗin babana. An ce asalin fentinta kore ne, ni dai ban tarar da shi ba. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, kuma sai an tura take tashi in ta kwana cikin sanyi. Amma da ƙafa huɗu take ja, wannan kuwa shi ne duk darajarta. Ranar kasuwa takan kwashi buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi, da awaki, da masu awakin, ta ratsa da su inda ko jaki sai ya yi shawara.

Baba ba mai magana ba ne. Yakan wuni bai furta abin da ya wuce sallama da amsa gaisuwa ba. Maganar gidanmu duk tana bakin Kaka, mahaifiyarsa, wadda yake kira Dada. Ƙaramar tsohuwa ce mai sanda da carbi, mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya, kuma ban taɓa jin ta ce wa Baba yi ya ce don me ba. Umma kuwa mai kawaici ce. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke" ko "wannan yarinyar". Ban taɓa jin haushin haka ba, na san inda take ɓoye mini ƙanzo.

A ƙarƙashin motar, tsakanin tayoyin gaba, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tumbi. Makanikai na ce masa aksul ɗin gaba. Kaka ta taɓa leƙawa sau ɗaya ta ce ai wannan tulu ne, daga nan sunan ya bi shi, har Baba ma tulu yake cewa. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe masu raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba, suna juyawa cikin man giya, in man ya ƙare junansu suke ci. Ta bayan tulun ne farfela ke shiga, wato sandar ƙarfen da ke kawo juyi daga giya, kuma a daidai wannan bakin akwai zoben roba mai tare man kada ya fito. Sil ake kiransa. Girmansa bai wuce awarwaron yarinya ba.

A bazarar shekarar da nake aji biyar, Umma na da ciki. Bayan ni ta haifi biyu, duk ba su zo da rai ba, a na biyun ma da ƙyar jini ya tsaya. Ma'aikaciyar asibiti a Azare ta ja wa Baba kunne sosai: wannan karon kada a zauna jiran ungozoma, da zarar ta fara jin ciwo a kawo ta. Lissafin mata ya nuna haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da fadama ke cika maƙil. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa a gidan ya san cewa hanyar Umma zuwa asibiti tana kan tayoyin gaban motar nan. In suka daina ja, jif ɗin ta zama mota kamar kowace.

Gindin wata bishiyar maina a ƙofar gida motar ke kwana, share wurin kuma aikina ne kowace safiya bayan ta fita. Wata rana na ga ɗigo baƙi a kan rairayi, faɗinsa kamar kwabo. Da yamma na nuna wa Baba. Ya tsuguna ya dangwala da yatsa, ya kai hanci, ya daɗe bai miƙe ba. Sannan ya ce, "Tulu ne," ya shige gida. A daren bai cinye tuwonsa ba.

Ya sayo sabon sil a Azare, ya ware ranar da babu kasuwa. Na tuna zafin ranar, irin na gab da saukar ruwa, iska ta tsaya cak, ganyen maina ko motsi. Ya sa duwatsu ya tokare tayoyi, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da sifanu a cikin tsohuwar tasa. Ya kwance notinan farfela ya ɗaure ta gefe da igiya. Akwai wani babban noti a tsakiya, kafin ya taɓa shi sai da ya yi masa shaida da kurfi, don ya mayar da shi daidai inda ya same shi. Ya ce in ya wuce haka boris, ƙarfen da abin ke juyawa a kai, ya ƙone, in ya kasa haka ya yi lilo. Da ya zare wuyan ƙarfen da farfela ke kamawa, man ya biyo hannunsa har gwiwar hannu, gidan duka ya ɗauki warin, Umma ta tashi da sauri ta nufi bayan ɗaki tana amai. Ya ɓanɓare tsohon sil ɗin, ya taurare ya tsattsage. Ya goge wurin da tsumma har ya yi ƙyalli, ya shafa wa sabon giris a leɓe, ya ɗora guntun icce a kai yana bugawa a hankali, nan kaɗan can kaɗan, har ya zauna. Da ya gama mayar da komai, ya kwance wani noti da ke gefen tulun, ya ɗura mai har ya fara dawowa ta ramin. Ta wannan ramin ake duba man: a zura ɗan yatsa, in ya fito da danshi to akwai.

Kwana kaɗan rairayin ya yi fes, sai ɗigon ya dawo, har ya fi na da. Wani makanike a Azare ya duba ya ce laifin ba na robar ba ne. Rairayin fadama ne ya daɗe yana shiga, ya ci wuyan ƙarfen da sil ke zama a kai, ya yi masa zobe kamar sawun igiya a bakin rijiya. Ko sabo goma aka sa ba zai riƙe ba, sai an sake wuyan, shi kuma irin na wannan tsohuwar mota sai a Kano wurin 'yan gwangwan. Baba ya ba wani direba abokinsa sallahu, ya dawo ya sake shiga ƙarƙashin motar. Wannan karon bai buga sil ɗin har ƙarshe ba, ya bar shi ɗan waje don leɓensa ya hau inda ƙarfen bai cinye ba. Ɗigon ya ragu, amma bai tsaya ba. Ya zamana duk bayan 'yan kwanaki sai ya buɗe notin gefe ya ƙara mai.

Ana haka ruwa ya sauka, aiki ya taso wa Baba ta ko'ina. Da sassafe yana gona, da hantsi yana kan hanya, kuma yanzu kullum da ƙafa huɗu motar ke tafiya saboda laka. Ya daina samun sararin ƙara mai. Sallahun Kano shiru. Cikin Umma ya yi nauyi, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga.

Sai Kaka ta ce ita ma za ta sa hannu. Kowace asuba in ta idar da lazimi, takan dogara sanda ta fito, ta duƙa a gaban motar da ƙyar, ta yi addu'a ta tofa wa tulun. Wata safiya na ce mata, "Kaka, yanzu ƙarfe yana jin addu'a?"

Ta ce, "Ke da aka yi wa kunnuwa biyu me kike ji, uwar surutu? Wanda ya yi ƙarfen nake gaya wa, ba ƙarfen ba."

Ta kuma yi alkawarin sadaka ranar da ya daina zuba. Kada ka yi mata dariya. Tsohuwa ce da ta wanke jikoki biyu aka kai su makwanci ba su yi kukan farko ba, kuma abin da take da shi ke nan ta bayar.

Abin mamaki, sai ɗigon ya soma ja da baya. Daga faɗin tafin hannu ya koma kwabo, daga kwabo ya koma ƙwayar wake. Wata safiya motar ta fita, duk muka tsaya a gindin maina muna kallon rairayi busasshe. Washegari ma haka, kwana na uku ma haka. Kaka ta sa aka jiƙa gero aka yi gumba, aka tara yaran unguwa aka raba musu. Na daɗe ban ga Umma ta yi dariya har haƙoranta sun fito ba sai ranar. Ni kaina tsalle na riƙa yi, kai ka ce ni na gyara motar.

Da yammar ranar sadakar, ina zaune kusa da Kaka a ƙofar gida, Baba ya fito da sifana da galan ɗin mai, ya shimfiɗa buhunsa. Kaka ta ce, "Me kuma za ka yi?"

Ya ce, "Dubawa zan yi, Dada. In ga inda man yake."

Ta ce, "Abin da Allah ya rufe shi za ka buɗe? Yau aka yi sadaka, yau za ka nuna ba ka yarda ba? Duk sanda ka taɓa shi sai ya ƙara zuba, da idona na gani. Ka bar shi."

Ya tsaya da sifanar a hannu. Har yau ina ganin tsayuwar nan tasa, kansa a ƙasa, babban yatsansa na shafa bakin ƙarfen. Ya gaji, ya san aikinsa na biyu ya rage zubar, kuma ina jin shi ma yana so ya yarda. Sama da komai, bai saba mayar mata da magana ba. Ya ce, "To, Dada." Ya naɗe buhun ya koma ciki.

Sai da na girma na fahimci abin da ya faru. In man ya yi ƙasa da bakin sil, ba ya ɗiga in mota na tsaye. Sauran kuwa a kan hanya yake fita, haƙoran na watsa shi, laka na shanyewa, ba mai gani. Tulun bai warke ba. Abin zubarwa ne ya ƙare masa.

Ranar da ciwon ya zo, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi da kukan kwaɗi. Da hantsi Umma ta kira Kaka, kuma tun kafin a fito da ita jini ya fara. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar aka kwantar da ita, Kaka ta zauna wajen kanta, ni aka ce in shiga in riƙe buta da ƙullin zannuwa. Maza suka tura, ta tashi. Muka bar gari muka shiga fadama, ruwa ta ko'ina, shinkafa kore shar har iyakar gani.

Mun yi nisa sai wani kuka ya taso daga ƙarƙashin ƙafafun Baba, siriri kamar na sauro, yana ƙaruwa. Na ga wuyansa ya sandare. Sai wari ya biyo, ba na man giya da na sani ba, na ƙarfe mai ƙuna. Bai tsaya ba, don babu wurin tsayawa, gabanmu akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, in an wuce shi an kusa tudu. Muna tsakiyar kwarin aka ji ƙara kamar an fasa dutsen niƙa. Motar ta yi tsalle ta tsaya. Ya taka, tayoyin baya suka riƙa juyawa suna haƙa wa kansu rami, na gaba ko motsi.

Ya shiga cikin lakar nan da rigarsa ya kwance farfela, ko motar za ta fita da ƙafa biyu. Ya cusa ciyawa da rassa a ƙarƙashin tayoyi. Sai ƙara nutsewa take yi. Da ya ga haka ya ce wa Kaka zai nemo amalanken shanu, ya kama gudu cikin ruwa, yana faɗuwa yana tashi, har ya ɓace mana.

Muka zauna mu uku. Umma ba mai ihu ba ce ko a wajen haihuwa, amma ranar tana nishi mai ƙarfi, tana damƙe hannun Kaka. Zani ya jiƙe na miƙa wani, ya jiƙe na miƙa wani. Can ta juyo da kai ta kira sunana, sak, ta ce in ba ta ruwa. A rayuwata ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinta. Na ba ta, ta kurɓa kaɗan. Bayan wani lokaci nishin ya ragu, ya ƙara raguwa, sai ta yi lamo, idonta a lumshe. Kaka ta shafa mata goshi ta ce mini da raɗa, "Alhamdu lillahi, ta samu sauƙi. Bar ta ta huta." Ni ma na ji sanyi a raina, na yarda.

Da Baba ya dawo da amalanken da mutanen wata ruga, ya leƙa ya tambayi tun yaushe ta yi shiru. Kaka ta ce ta ɗan jima, barci ne ya ɗauke ta. Ya ɗaga gefen katifar ya duba ƙarƙashi. Na ga fuskarsa, kuma tun daga lokacin tsoro ya shige ni. Shanu ba sa sauri ko an doke su. Sai la'asar muka hau titi, wata bas ta ɗauke mu zuwa Azare. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ciro ƙanena da rai. Umma kuwa ba ta kai magariba ba.

Bayan an share makoki, aka jawo motar da shanu zuwa gindin maina. Wata safiya ina shara Baba ya fito da sifanar nan, ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin gefe, ya zura yatsa. Ya fito da shi a bushe, sai garin ƙarfe mai ƙyalli a kai. Kaka na zaune a bakin zaure da jaririn a cinya. Ta ce, "Me ka gani?"

Ya goge yatsan a wandonsa, ya ce, "Tsufa ne, Dada. Ƙarfe ne ya gaji."

Ba ta sake tambaya ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ba a jima ba direban nan ya zo ta'aziyya, ya kawo wuyan ƙarfen daga Kano a naɗe cikin takardar siminti, yana ba da haƙurin jinkiri. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ɗora shi a kan katanga, a nan tsatsa ta cinye shi. Motar ba ta sake tashi ba. Kaji suka yi ta ƙwai a kujerar gaba, har wata shekara 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta. Baba ya koma gona gaba ɗaya. Kaka ce ta raini ƙanena da madarar shanu da kunu, tana goya shi da bayan nan nata da ya ranƙwafa. Faɗanta ya ragu, dariyar ma ta tafi, kuma ban ƙara ganin ta zauna a gindin mainar ba ko da rana ta yi zafi.

Na san za ka so in ce wane ne da laifi. Na daɗe ina juya abin, ban samu wanda zan ɗora wa ba. Kwanan Umma ne ya ƙare, wannan na yarda da shi. Amma yarda da ƙaddara bai hana ni baƙin ciki ba, kuma bai hana ni tuna yammar nan da buhu a shimfiɗe, galan a gefe, sifana a hannu.

Yanzu abubuwa sun sauya. Waya ta kai ƙauyenmu, babura na shiga har ƙofar gida, yaran yanzu ba su san an taɓa yin wata mota a gindin mainar ba. Ƙanena ya zama magidanci, bai san fuskar Umma ba sai a bakina. Ni kuma a ɗakin haihuwa nake aiki. Ranar da zan tafi makarantar koyon aikin, Kaka na kwance, ta tsufa tukuf, ba ta gani sosai. Na durƙusa yi mata sallama, ta laluba ta kama hannuna ta riƙe. Na zaci addu'a za ta yi mini kamar kullum. Sai ta ce, "In ranki ya ce ki duba, ki duba. Ko wa ya hana ki. Ko ni ce." Daga nan ta juya fuskarta bango. Ashe duk shekarun nan ta san abin da Baba ya goge a wandonsa.

Yaran da ke koyon aiki a hannuna suna yi mini tsiya, wai ni Anti ba na jin tausayin mai ihu. In na shiga ɗaki nakan wuce wadda ke kururuwa tana kiran uwarta, in nufi gadon wadda ta yi shiru. Sukan biyo ni suna cewa, "Anti, wannan ai ta samu sauƙi, barci take yi." Nakan ce musu to, Allah ya sa. Sannan in ɗaga zanen in duba.